KUFENA DA TURUNKU: GANUWAR DA BA YAƘI NE YA CI TA BA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin makarantarmu ya gabatar a taron shekara na ƙungiya, a nan Gombe)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a wannan wuri lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Malam Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata da ke can gefe, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da ku samari da kuka tsaya a baya, ina yi muku barka da zuwa.

Ranar da Sakatare ya same ni a shago ya ce wai bana ni zan yi jawabin tarihi, sai da na yi dariya, na ce masa ko dai ya yi ɓatan kai ne. Ni abin da na sani siminti ne da kwano da rodi. Karatuna kuwa na allo ne da Islamiyya, sai ɗan abin da na tsinta a littattafan Hausa da bakin manya. Ya ce ai ya sha jina ina ba yaran shago labarin wani dutse a Zariya, shi yake so in zo in ba jama'a. To, tun da an ɗora mini, zan sauke gwargwadon iko. Inda na yi kuskure malamai na nan, sai su gyara.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, Bazazzagi ne. Ya zo Gombe cikin 1964, watau shekara guda bayan isowar jirgin ƙasa, yana harkar auduga da gyaɗa. A nan aka haife ni, a nan cibiyata take. Amma cikin 1983 sai ya tura ni birnin Zariya wajen ƙanensa don in yi karatun allo. Kun san Alhamis ba makaranta. Wata Alhamis manyan almajirai suka ce za su je hawan Kufena, na maƙale musu har suka tafi da ni. Kufena wani babban dutse ne yamma da birnin Zariya, dab da Wusasa, ya taso a tsakiyar fili, kana hango shi tun daga nesa. Muka yi ta hawa, wani wurin da ƙafa wani wurin da rarrafe, har na yi da-na-sanin zuwa. Da muka kai sama sai na ga abin da ban zata ba. Ga duwatsu an jera wani kan wani kamar katanga, ba laka ba siminti. Ga ramukan niƙa a jikin falalen dutse, sun yi sumul saboda daɗewa ana gurzawa. Ga tsingaro ko'ina, in ka tona ƙasa da yatsa sai ka ciro guntun tukunya. Da muka duba ƙasa kuma, sai ga wani dogon tudu ya miƙe cikin gonaki kamar maciji, ya nufi wajen birni. Babban cikinmu ya ce ganuwar Amina ke nan. Na ce wace Amina? Suka yi ta yi mini dariya, wai ɗan Gombe bai san Amina ba.

Wannan dariya ta yi mini ciwo, ita ce kuma ta sa na fara tambaya. Abin da zan faɗa muku yau, amsar da na tattara ce a hankali cikin shekara 40.

Da farko, me ya kai mutane zama kan dutse, ga fili shimfiɗe? Wanda ya taɓa noma a gindin dutse ya san amsar. Ruwan da ya sauka a kan dutse gindinsa yake gangarowa, saboda haka ƙasar wurin ba ta rabuwa da laima, rijiya ba ta nisa. A yankin Zariya kuma akwai tama, ga itacen gawayi, watau ga abin ƙera fartanya ga abin ƙera mashi. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narka tama a bakin rafin Kubanni wajen Samaru, waɗanda suka haura shekara 1,000. Sa'an nan in mahara sun taso, sai a kwashi mata da yara da hatsi a haye sama, mutum goma masu kwari da baka su tare hanyar da mutum ɗari ba za su iya hawa ba, doki kuwa ba ya hawan sulɓi. Bayan wannan, mutanen wancan zamani kafin Musulunci ya kafu sun ɗauka manyan duwatsu mazaunin iskoki ne, suna yi musu yanka. Allah Ya raba mu da wannan, amma haka abin yake. Kanawan da ke nan sun san labarin Dala da Barbushe da Tsumburbura. To, yadda Dala take ga Kano, haka Kufena da Turunku suke ga Zazzau.

Mutanen Zazzau ba a birnin Zariya suka fara ba. Jerin sarakunansu na Haɓe ya kai 60, daga Gunguma, wanda ake cewa jikan Bayajida ne, har zuwa Makau. Masu riƙe da tarihin baka suna lissafa wuraren da sarauta ta zauna kafin Zariya: Kawuri, Rikoci, Wuciciri, sa'an nan Turunku, sa'an nan Kufena. Turunku tana kudu da Zariya, a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Na je can sau biyu. Ita ma gari ne a jikin duwatsu, ga kufan ganuwa ya kewaye fili mai faɗi, mutanen wurin kuma za su kai ka su nuna maka inda suke cewa nan ne kabarin Bakwa, da wani dutse da suke kira kujerar Amina.

A nan sai na ɗan taɓa abokan wasana Kanawa, su yi haƙuri, a littafinsu na gani. Tarihin sarakunan Kano, wanda aka buga da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya kawo labarin Sarkin Kano Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410. Shi ne aka ce ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Da duk wannan shiri ya tasar wa Zazzau, ya sauka a Turunku, Zazzagawa suka fito suka kore shi, har suna yi wa Kano gori. Ya koma gida da baƙin ciki. Na ga Alhajin da ke gaba yana harara ta, to bari in cika gaskiya: da ya sake shiri ya komo, ya ci nasara, har Sarkin Zazzau ya faɗi a wannan yaƙi. Shi ke nan, an yi kunnen doki. Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun wajen 1400 Turunku ta isa wurin da Sarkin Kano zai ɗauko runduna ya zo kanta. Ba a kai wa ƙauye irin wannan yaƙi.

Sai zamanin Bakwa Turunku, na 22 a jerin sarakuna, wanda ake sa hawansa a 1536. Wasu na cewa namiji ne, wasu na cewa mace ce, har yau ba a daina wannan gardama ba. A zamanin Bakwa ne aka ce sarauta ta bar Turunku ta komo arewa wajen Kufena, dalili kuwa ruwa. Jama'a ta yi yawa, dawaki sun yi yawa, ruwan Turunku ya kasa. Ku lura da wannan, jama'a. Ba wanda ya kore su. Garin da ya kori Kananeji da lifidinsa, ƙishirwa ce ta tashe shi. Bakwa na da 'ya'ya mata biyu da aka fi sani, Amina da ƙanwarta Zariya, wadda aka ce sunanta birnin ya ci.

Game da Amina, yaranmu yanzu sun san ta ne ta fim ɗin da ya fito a Netflix cikin 2021, da kuma hotunan da ake zanawa na mace a kan doki da takobi. Ni dai abin da na samu a rubuce wuri biyu ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya nuna 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yi yaƙe-yaƙe har Kano da Katsina suka bi, ta kuma rasu a wani wuri da ake kira Atagara, wanda ake cewa yana wajen Idah ta yanzu. Shi kuma tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta kai har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Amma in aka bi lissafin Zazzau, cewa ita 'yar Bakwa ce kuma ta hau bayan ɗan'uwanta Karama a 1576, sai a ga tsakanin lissafin biyu akwai wajen shekara 150. Har ila yau sunanta ba ya cikin jerin sarakuna 60 ɗin nan. Shi ya sa wasu malaman jami'a ke ganin ba gadon sarauta ta hau ba, jagorar yaƙi ce mai ƙarfin gaske. Wannan aikin malamai ne, na bar musu. Labarin nan kuwa da ake yaɗawa, wai kowane gari ta ci sai ta ɗauki namiji ta kashe shi da safe, ni ban gan shi a wajen Bello ba, ban gan shi a tarihin Kano ba, kuma ban ga dalilin da za mu riƙa ba 'ya'yanmu shi ba.

Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka abin da ya tsaya mini a rai goron nan ne. Goro 10,000, a lissafinmu na ƙwarya ɗari-ɗari, ƙwarya 100 ke nan. Yau ƙaramin dillali a kasuwar goro zai raina wannan. Amma a wancan zamani abin a rubuta a tarihin sarakuna ne, don littafin ya nuna a lokacinta ne goro ya fara shigowa ƙasar Hausa, hajar yamma ta buɗe. To ku duba inda ta kai yaƙinta: kudu da kudu maso yamma, watau hanyar Nufe da bakin Kwara, inda fatake ke ƙetarawa su nufi Gwanja. A ganina ba yaƙin neman suna ta yi ba, hanya take buɗewa, kuma duk inda ta yi sansani aka ce sai ta kewaye shi da ganuwa. Shi ya sa har gobe a wurare da dama na ƙasar Hausa, in an ga tsohuwar ganuwa da ba a san mai ita ba, sai a ce ganuwar Amina. In ka cire takobi daga labarin, abin da ya rage zango ne bayan zango, inda ayari zai kwana ba fargaba. Kakannin da yawa daga cikinmu nan, da jaki da takarkari suka bi waɗannan zangon. Sai dai kada mu ɓoye ɗaya gefen: cikin hajar da ta bi wannan hanya har da bayi, Zazzau kuwa ta yi suna da wannan. Ba abin alfahari ba ne, amma ya faru.

Yanzu bari in zo kan ita ganuwar, don nan ne sana'ata ta shigo. Wani Bature malamin Jami'ar Ahmadu Bello, John Sutton, ya bi ganuwoyin Zariya da Kufena ya auna su cikin shekarun 1970, ya nuna ba ganuwa ɗaya ba ce, kuma ba a lokaci guda aka yi su ba. Akwai waɗanda suka kewaye gindin Kufena, akwai doguwar da ta haɗo Kufena da wajen dutsen Madarkaci, sa'an nan ga ta birnin Zariya da muka sani, mai kewayen wajen mil 10, mai su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Kuyambana da sauransu. Watau kowane zamani ya zo ya ƙara nasa.

Yaya aka yi ta? A kan dutse, da dutse. A fili kuwa da jar ƙasa. A haƙa gwalalo a waje, ƙasar da aka fitar ita za a kwaɓa a ɗora ta zama bango, saboda haka aiki ɗaya riba biyu: rami na zurfi, bango na tsawo. Gindin ya yi kauri ƙwarai, yana tafiya yana tsukewa, ta ciki a bar badala inda maharba za su tsaya. A cikin gwalalon a bar sarƙaƙiya ta yi duhu, yadda doki ba zai kusanto ba. Da dare a rufe ƙyaure, sarkin ƙofa ya kwana a wurin. Na taɓa zama da biro na ce bari in lissafa tifa nawa ta ƙasa za ta ci mil ɗaya kawai na irin wannan bango, na ga lissafin ya fi ƙarfina, na ajiye. Kuma ba tifa, ba katafila. Kwando ne da kai.

Akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, shi ne faɗin filin da suka kewaye. Gidajen mutanen lokacin ba su cika ko kusa da shi ba. Na tambayi wani dattijo a Zariya, ya ce ai da gangan ne. In an kewaye gari da yaƙi, a yi noma a ciki, a yi kiwo a ciki. Na biyu kuma, mutanen ƙauyuka in sun gudo su sami wurin sauka, baƙo in ya zo da sana'arsa a yanka masa fili. Maƙeri ya zo, marini ya zo, malami ya zo da almajiransa, Banufe ya zo, Babarbare ya zo, kowa a ba shi unguwa. Sarkin da ya fi tara baƙi shi ya fi ƙarfi. Wannan magana ta shige ni, don mu nan da irin wannan karamci muka zauna. Iyayenmu sun zo Gombe aka yanka musu fili, ba wanda ya ce su koma inda suka fito. Allah Ya saka wa masarautar Gombe da alheri.

To amma bangon ƙasa yana da sharaɗi guda, kowane magini ya san shi. Kowace damina sai ta ci rabonta. Saboda haka da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai sarki ya sa a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauye su fito, kowa da yankin da aka ba shi, a yi yaɓe, a toshe inda ya zube, masu kiɗa na zuga su. Ba roƙo ake yi ba, dole ce, wani lokaci ma da bulala. Ganuwar da kuke jin ta yi shekaru ɗaruruwa a tsaye, ba ginin farko ne ya kai ta ba, wannan yaɓen na shekara-shekara ne.

Da mazaunin sarki da kasuwa suka tsaya a inda birnin Zariya yake yanzu, sai Kufena ta zama bayan gari. Ba a yi wani yaƙi an ƙone ta ba. Wanda ke da shago ya bi kasuwa, wanda ke da ƙara ya bi fada, aka bar tsofaffi da masu gona. Shelar yaɓe ta koma kan sabuwar ganuwa, tsohuwar kuwa aka bar wa damina.

Ita ma sabuwar, ranar da aka fi bukatarta ba ta yi amfani ba. Lokacin jihadin Shehu Usmanu, Malam Musa ya zo da tuta, Zariya ta faɗi a 1808. Yadda mutanen Abuja ta dā suka riƙe labarin, Sarki Makau yana filin Idi a bayan gari aka auka masa, bai sami komawa cikin birni ba, ya yi kudu har Zuba. Ga bango mil 10, ga ƙofofi, mai su yana waje. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birnin tarayya a 1976, sai tsohon garin ya koma Suleja, sarkinsu kuma har yanzu Sarkin Zazzau ake ce masa. Kun ga su ma 'yan ci-rani ne irinmu, sun tafi da sunan gida a baki. Bayan Turawa sun shiga Zariya a 1902 aka daina yaƙi tsakanin garuruwa, sai shelar yaɓe ta mutu gaba ɗaya. Daga nan kowa ya san sauran: mai gona ya ɗan ci, mai gini ya ɗebi ƙasa, mai hanya ya fasa.

Kada wani ya ce wannan labarin Zazzagawa ne, ina ruwanmu. Mu da muke bin hanyar Dukku zuwa Darazo, sau nawa muka wuce Gombe Abba ba mu ko rage gudu ba? Nan ne fa Modibbo Buba Yero ya kafa hedkwatarsa wajen 1824, kusa da kogin Gongola, nan ne gadon sarautar Gombe ya zauna kusan shekara 90. Bayan yaƙin Mbormi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, Turawa suka mai da hedkwata Nafada a 1913, sa'an nan suka kawo ta nan Doma a 1919. Hanya ta biyo nan, auduga ta biyo nan, jirgi ya zo a 1963, jiha ta samu a 1996. Gombe Abba na nan da mutanenta da darajarta, amma kasuwa ta taho. Abin da ya sami Turunku da Kufena ke nan, sai dai wannan a gabanmu yake, tafiyar ɗan lokaci kaɗan a mota.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Alhazan da suka sauke farali kafin 2002 za su tuna wani tsohon ginin soja a kan dutse yana kallon Harami, ana ce masa Ajyad, wanda Turkawa suka gina wajen 1780. A 2002 aka rushe shi, aka fasa dutsen, a wurin ne dogon benen nan mai agogo yake tsaye. Gwamnatin Turkiyya ta yi ta ƙorafi, amma aikin gama ya gama. Ni da na je daga baya agogon kawai na tarar, sai a hoto na ga ginin.

Cikin 2022 na kai ƙaramin ɗana Zariya neman makaranta, na ce bari in nuna masa abin da aka nuna mini. Gwiwa ba ta bar ni na kai sama ba, shi ya hau ya ɗauko mini hotuna a waya. Jerin duwatsun na nan, ramukan niƙa na nan. Amma dogon tudun nan da na hango a 1983, sai da na yi ta nema kafin in gane guntayensa tsakanin gidaje da gonaki. A gindin dutsen kuma na tarar da masu fasa dutse, suna hura wuta a kan falale su bi da guduma, ga tsakuwa tsibi-tsibi tana jiran mota. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi magana. Sai yaron nan ya ce, Baba, ba irin wannan tsakuwar ake haɗawa da simintin da kake sayarwa ba? Wallahi sai na yi shiru. Mutanen nan abinci suke nema, mai sayensu kuwa irina ne. Shekara 30 ina cin abinci da gini, ban taɓa tambayar direba daga wane dutse ya ɗebo ba.

A hanyarmu ta komowa na tambaye shi sunan unguwar kakansa a birnin Zariya. Bai sani ba. Laifin wa? Ban taɓa gaya masa ba. Na tabbata in na bi layin samarin da ke bayan nan ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya faɗi garin da kakansa ya taso da shekarar da ya zo Gombe da sana'ar da ta kawo shi, ba za a sami rabi ba. Dattawan da suka san wannan kuwa, ku duba kujerun gaba, bara sun fi haka yawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya.

Sai maganar da Malam Shugaba ya san ba zan sauka ban yi ba. Katangar Islamiyyarmu ta gabas ta faɗi tun daminar bara. Iyayenmu ne suka gina makarantar nan da hannunsu, lokacin ba mai kuɗin da ya kai na wasunmu a yau. Ina yaro na ga mahaifina da rigarsa a naɗe yana miƙa bulo, kowace shekara bayan kaka kuma sai an fito gayya an gyara abin da ruwa ya ɓata, mata na kawo kunu. Yaushe rabon da mu yi wannan? Yanzu awaki na shiga har cikin aji, ruwa kuma ya fara cin gindin ajin 'yan mata, kun kuwa san yadda zaizayar ƙasa take a garin nan, in kwari ya buɗe baki ba ya jiran kwamiti ya zauna. An yi taro uku a kan katangar nan, kowane taro a tashi a kan za a duba. Kuɗin wata-wata kuwa, Ma'aji ya karanta muku ɗazu, ni kunya ta hana ni ɗaga kai, don ni ma ana bina wata huɗu. Na biya yau da safe, ga rasit a aljihuna.

Saboda haka ina roƙon abu uku, in dattawa sun amince. A sa ranar gayya, Asabar ta biyu bayan wannan taro, kowa ya zo da kansa, kada a aiko yaron shago. Ni na ɗauki buhu 50 na siminti da rodin da za a bukata, masu bulo da masu yashi ga su nan zaune, na san ba za su bari in fi su ba. Na biyu, malaman Islamiyya su zaɓo ɗalibai manya, a ba kowannensu littafin rubutu da dattijo ɗaya, ya je ya zauna da shi ya rubuto garinsu da unguwarsu da abin da ya kawo shi Gombe, a riƙa bugawa a mujallar nan kaɗan-kaɗan, har da na iyayenmu mata. Na uku, in an yi hutun ƙarshen shekara kuma hanya ta yi lafiya, a ɗauki mota guda a kai yaran nan. A tsaya Gombe Abba a gai da mutanen gari, a bi ta Darazo a kwana Kano su hau Dala, don kada Kanawa su ce na yi son kai, wanshekare a wuce Zariya su hau Kufena. Man zuwa ni zan zuba, na komowa sai a nemi wani.

Wanda zai ba da suna ko gudummawa ya ga Ma'aji bayan sallar la'asar, yana nan bakin ƙofa da littafinsa. Malam Shugaba, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni, a gafarce ni. Allah Ya ba mu zaman lafiya a garin nan da ƙasa baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.